Wane Ne Mustahiƙƙi? Mas'alar Rabon Abincin Gwamnati a Yola da Jimeta

Sau biyu cikin shekara uku aka fasa rumbunan ajiyar gwamnati a Yola da Jimeta da rana tsaka, jama'a suka yi dafifi, kowa ya saɓo abin da ƙarfinsa ya iya ɗauka. Na farko ya auku ran 25 ga Oktoba 2020, lokacin da wasoson kayan tallafin annobar korona ya taso daga Kudu, ya bi jihohi ɗaya bayan ɗaya har ya iso ɗakunan ajiya na Kwanar Waya. Na biyu kuwa ran 30 ga Yuli 2023, wata biyu bayan janye tallafin man fetur, sa'ad da tsadar masara da shinkafa ta kai mutane bango. A duka biyun Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya kafa dokar hana fita, aka yi kame, aka kuma bi sawun kayan da aka kwashe.

Babu mai hankali da zai halatta wannan aiki, domin wasoso zalunci ne, kuma wanda ya fi cutuwa da shi shi ne mai rauni: tsohuwar da ba ta iya gudu, da makahon da ba ya iya tsallake katanga, da matar da ke jego a ɗaka, waɗanda ko ƙwaya ɗaya ba ta kai gare su ba, alhali da sunansu aka tara abincin. Amma bayan an la'anci ɓarnar, an hukunta wanda ya cancanci hukunci, akwai tambayar da ta wajaba a kan masu mulki da masu ilmi gaba ɗaya, ita ce, me ya sa dubban mutane, waɗanda galibinsu ba za su taɓa mudun geron maƙwabci ba, suka ɗauki abin da ke cikin rumbun hukuma tamkar dukiyar da ba ta da mai ita? Amsar da na gamsu da ita ita ce, ba wanda ya taɓa gaya musu, a rubuce kuma a bainar jama'a, ko na wane ne abincin, ko nawa ne adadinsa, ko wace rana za a raba shi, ko bisa wane sharaɗi mutum zai samu ko ya rasa. Dukiyar da ba a ambaci mai haƙƙinta ba kuwa, ɓarayi biyu take gayyata: mai alƙalami da ke yanka a ɓoye, da mai ƙarfin damtse da ke fasawa a fili.

Mu dubi yadda rabon yake gudana a yau. Gwamnatin Tarayya takan yi shelar abin da ta ware: a watan Agusta 2023 naira biliyan 5 ga kowace jiha tare da tirela biyar ta shinkafa, a watan Fabrairu 2024 tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa, a watan Yuli 2024 tirela 20 ga kowace jiha, kowace tirela ɗauke da buhu 1,200 mai nauyin kilo 25. Daga nan kaya su sauka hannun jiha, jiha ta kafa kwamiti, kwamiti ya kasafta wa ƙananan hukumomi, su kuma su kasafta wa mazaɓu. To, Jihar Adamawa tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 226, kuma duk wanda ya iya hisabi zai ga cewa tirela 20 buhu 24,000 ke nan, wanda in an raba shi daidai wa daida, ba tare da an cire ko buhu ɗaya don kowa ba, kowace mazaɓa ba za ta sami abin da ya kai buhu 110 ba. A kai wannan adadi Jambutu, ko Nassarawo, ko Doubeli, inda gidaje suke dubbai, a ga ko layi nawa zai ƙosar.

Wannan lissafi yana koya mana abu ɗaya wanda ba shi da makawa, wato tilas ne a zaɓa, a ba wani a hana wani. Ba laifi ba ne a zaɓa, tun da abin bai isa kowa ba. Laifin shi ne a zaɓa ba da ƙa'ida ba. Domin in aka miƙa wa kansila ko shugaban jam'iyya na mazaɓa buhu ɗari, aka ce masa ya ba marasa galihu, ba a faɗa masa iyakar wane ne marar galihu ba, ba a kuma tambaye shi hujja daga baya ba, to, an jefa shi cikin jarrabawar da waliyyi ne kaɗai zai tsallake ta, ga dangi suna kallonsa, ga waɗanda suka yi masa wahalar zaɓe suna jiran lada, ga na sama da shi kowa ya aiko da 'yar takarda. Ko da ya yi adalci ba mai gaskata shi, saboda ba ma'aunin da za a gwada aikinsa da shi.

Abin mamaki shi ne, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga mutanen Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, garin da har yau ake karanta littattafan fiƙihu a zaurukansa. Shari'a ba ta bar rabon zakka ga ra'ayin mai rabo ba. Suratut Tauba ta ƙididdige sinfi takwas na masu haƙƙi, malamai kuma suka bi kowane sinfi suka yi masa haddi, har malaman Malikiyya suka bambanta faƙiri, wanda yake da ɗan abin hannu amma bai isa cimakarsa ta shekara ba, da miskini, wanda ba shi da kome. Suka kuma hukunta cewa a raba ta a inda aka karɓe ta, sai fa in wani wuri ya fi tsananin buƙata. Wani abin lura kuma, an sanya ma'aikacin da ke tarawa da rabawa cikin masu rabo, aka yanka masa ladansa a fili, don kada ya yanka wa kansa a ɓoye. Mu kuwa mukan tura mutane aikin rabo ba kuɗin mota, ba kuɗin masu dako, sa'an nan mu yi mamaki in an sayar da buhu biyar don a kai sauran ƙauye.

Na san abincin gwamnati ba zakka ba ne. Ya fi kama da dukiyar baitulmali, wadda duk talakan da ke ƙarƙashin hukuma yake da rabo a cikinta, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kuma wannan batu ne mai nauyi a jiha irin tamu, mai ƙabilu da yawa da addinai biyu. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj yadda Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya tarar da wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya ɗauke masa jizya, ya kuma umarci ma'ajin baitulmali ya kula da shi da ire-irensa. Shi ne kuma halifan da ya kafa diwani, wato littafin da aka rubuta sunayen masu haƙƙi da abin da kowa zai samu, kuma a shekarar fari ta 18 bayan hijira ya sa aka yi ta jigilar hatsi zuwa Madina. Masu tarihi sun ruwaito cewa da ya so ya yanka wa kowa abincin wata, bai yi kintace ba, sai ya sa aka yi gurasa da awo sananne, aka ciyar da mutum talatin rana da dare, ya ga abin da ya ƙosar da su, sa'an nan ya yanka rabo bisa wannan gwaji.

Amma ƙissar da ta fi dacewa da halinmu ita ce ta wani jariri. Da fari Umar ya sa sharaɗi cewa ba a rubuta wa yaro rabo sai an yaye shi. Wani dare ya ji jinjiri yana ta tsala kuka, da ya bincika sai ya tarar uwarsa ce take ƙoƙarin yaye shi tun lokaci bai yi ba, don ya shiga diwani. Da gari ya waye ya soke sharaɗin, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwarsa. Darasin da ke ciki shi ne, sharaɗi, kome kyawun niyyar wanda ya gindaya shi, yana iya komawa ya cuci wanda aka yi shi dominsa, kuma shugaba na gari shi ne mai bin sawun ƙa'idarsa ya ga abin da ta haifar a ɗakunan talakawa.

Nijeriya ma ta yi yunƙurin kafa nata diwanin. Tun daga 2016 aka fara tattara rajistar matalauta ta ƙasa da taimakon Bankin Duniya, kuma tsarin da aka zana mata ba abin rainawa ba ne, domin an ce ma'aikata su shiga gari su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake ɗauka talauci a garinsu, ya ambaci gidajen da siffar ta hau kansu, a gwama sunayen, sa'an nan a bi gida gida a rubuta. Da wannan rajista aka riƙa biyan naira 5,000 a wata, daga cikin dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. Sai dai a watan Yuli 2023, kwana goma kafin fasa rumbun Yola na biyu, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni suke zaune a cikinta, ta ce ba ta amince da ingancin rajistar ba, kowace jiha ta yi tata. Bayan wata uku Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da biyan naira 25,000 har sau uku ga gidaje miliyan 15. Bayan wata uku kuma, a Janairu 2024, aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen. Talakan Rumde ko Yolde Pate wanda aka rubuta sunansa, aka ɗauki hotonsa, ya wayi gari bai san ko yana cikin littafi ko an shafe shi ba, kuma ba ofishin da zai je ya tambaya a ba shi amsa tabbatacciya.

Da aka dawo da biyan kuɗin sai aka ƙarfafa sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun da kuɗi zai faɗa. Manufar a bayyane take, kuma mai kyau ce, wato a toshe ƙofar sunayen bogi. Amma wane ne ba shi da katin ɗan ƙasa? Ba ma'aikacin sakatariya ba ne, ba kuma ɗan kasuwar Jimeta mai shago ba. Tsohuwa ce wadda yatsunta suka goge da aikin gona har na'ura ba ta karanta su, da makiyayin da ke bayan Ngurore, da wanda Boko Haram ta koro daga Madagali da rigar jikinsa kaɗai. Haka kuma shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016 ya taƙaita ga 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, sai ya zama almajiri da yaron da talauci ya hana shi zuwa makaranta, waɗanda su ne suka fi kowa yunwa, suna waje. Waɗannan duka 'yan'uwan sharaɗin yaye ne. Ba cewa nake a yar da katin shaida ba. Cewa nake kada rashinsa ya zama dalilin hana abinci, sai dai ya zama dalilin kawo mai rajista ƙofar gidan mutum a ranar rabo.

Yola tana da wani darasi nata na kanta wanda bai kamata a manta da shi ba. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoba 2014, mutanen Mubi da Michika da Madagali da Hong suka kwararo Yola da Jimeta, aka buɗe sansanoni a Malkohi da Damare da Fufore. Amma mafi yawan 'yan gudun hijirar ba su zauna a sansani ba, gidajen dangi da abokan arziki suka shiga, har aka sami magidanci mai ɗaki uku yana ciyar da mutum talatin. Agajin hukuma kuwa ya fi bin sansani, domin can ne ake da littafi da ƙofa da mai gadi. Waɗanda suka cike gurbin su ne irin Bishop Stephen Dami Mamza, wanda ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa a Jimeta, da ƙungiyar zaman lafiya da Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta kafa tare da malaman Musulunci da na Kirista, waɗanda suka yi amfani da sanin da limamai da shugabannin al'umma suke da shi na mutanensu suka kai abinci ga dubban gidaje. Wannan ya nuna cewa ilmin wane ne mayunwaci yana nan a cikin unguwa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta ɗauke shi ta rubuta, ta kuma sa masa shaidu.

Ya kuma nuna cewa sharaɗin asali, wato tambayar mutum takardar ƙaramar hukumarsa kafin a ba shi, ba shi da muhalli a rabon abinci. Jimeta gari ne na baƙi tun zamanin da jiragen ruwa suke tsayawa a bakin Binuwai. Wanda yake kwana a Luggere, yake cefane a kasuwar Jimeta, yunwarsa a Luggere take, ko da kakansa daga Gwoza ko Kano ya zo. Haka nan littafin da ba a sabunta shi ba mataccen littafi ne a ƙasar da ruwa yake talauta mutum cikin dare ɗaya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022, sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, gonakin bakin kogi suka nutse ana dab da girbi.

Sai kuma wani sinfi wanda rabon layi ba ya taɓa kaiwa gare shi, shi ne mai kamun kai, wanda Alƙur'ani ya siffanta da cewa wanda bai san shi ba zai zaci mawadaci ne saboda ba ya roƙo. Tsohon lebura da ƙarfinsa ya ƙare, da malamin allo, da matar da mijinta ya rasu tana cikin takaba, ba za su je filin wasa su yi kokawa a gaban masu ɗaukar hoto ba, ko da sun kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Layi kuma yana kisa: a 2024 kaɗai an rasa rayuka a turmutsutsun rabon shinkafa ko kuɗi a Legas da Keffi da Bauchi da Ibadan da Okija da Abuja. Mutum ba ya turereniya sai in ya tabbata cewa in bai kai gaba ba ya rasa. Wanda yake riƙe da kati mai sunansa da ranar karɓarsa, ya san buhunsa yana jiransa, ba abin da zai sa ya tattake ɗan'uwansa.

Kada a ce wannan mafarki ne. Indiya, wadda ta fi mu yawan jama'a nesa ba kusa ba, ta kafa doka a 2013 wadda ta mai da abinci haƙƙi: kilo biyar na hatsi a wata ga kowane mutum da ya cancanta, har zuwa kashi 75 cikin ɗari na mutanen karkara da kashi 50 na mutanen birni. Dokar ta wajabta a bayyana sunayen masu cin moriya ga jama'a, ta sa a rubuta katin gida da sunan babbar macen gidan, ta kuma naɗa jami'in sauraron ƙorafi a kowace gunduma. Ba su tsira daga kuskure ba, domin da suka tsananta sharaɗin na'urar yatsa an sami rahoton talakawan da aka hana rabonsu. Amma wanda aka hana a can yana da doka da zai riƙe ya kai ƙara. Namu kuwa sai dai ya ce Allah ya isa.

Saboda haka abin da nake kira gare shi shi ne Majalisar Dokokin Jihar Adamawa ta yi doka a kan rabon abincin agaji, kada a bar shi ga kwamitin da ake kafawa yau a rushe gobe. Dokar ta fayyace sharuɗɗa da kalmomin da kowa zai gane, da Hausa da Fulfulde da sauran harsunan jiha, a karanta su a rediyo: gidan da ba mai nema a cikinsa, gidan da mace ke riƙe da marayu, mai naƙasa da ba ya iya sana'a, wanda ambaliya ko gobara ko rikici ya raba da abin hannunsa, wanda ya sauki 'yan gudun hijira. Ta ce zama a unguwa ya wadatar, ba sai asali ba. Ta ɗora rubuta sunaye a kan mai unguwa ko jauro, tare da limami da fasto da wakiliyar mata da malamin makaranta, kowa ya sa hannu, ba mai riƙe da muƙamin jam'iyya a cikinsu, a kuma sabunta littafin kowace shekara bayan kaka da kuma bayan kowace musiba. Ta tilasta wa hukumar agajin gaggawa ta jiha ta yi shelar abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita, da kason kowace mazaɓa, kafin mota ta tashi. Ta yanka wa masu rabo ladansu da kuɗin dako. Ta kuma buɗe ƙofar ƙorafi a wurin hakimi ko alƙali, da wa'adi sananne na ba da amsa.

Za a ce, ai mai unguwa ma ɗan Adam ne, yana da dangi da abokan gaba. Gaskiya ne, shi ya sa ba a bar shi shi kaɗai ba, shi ya sa kuma za a liƙa sunayen a zaurensa da makarantar unguwa, inda duk wanda ya ga sunan mai mota ko sunan mamaci zai iya magana. Za a kuma ce, liƙa suna tona asirin mai kamun kai ne. Wannan magana tana da nauyi, amma maƙwabta sun riga sun san gidan da hayaƙi ba ya tashi, kuma sunan mutum a cikin littafin masu haƙƙi, kamar yadda sunayen sahabbai suka kasance a diwanin Umar, ya fi kusa da mutunci bisa ga tsayuwa a rana ana ɗaukar hotonsa rungume da buhu mai hoton ɗan siyasa. Wanda ya roƙi a sakaya sunansa kuma ana iya ba shi lamba, shaidu biyar ɗin nan su san mai ita.

Wanda zai yi hasara da wannan doka shi ne kaɗai mai son a riƙa ganin abincin jama'a kyauta ce daga aljihunsa. Sauran duka riba za su ci, har da su masu mulki, domin gwamnan da ya ce ya raba zai sami littafin da zai nuna, kansila mai gaskiya zai sami abin da zai kare kansa da shi daga dangi da 'yan takarda, talaka kuma, ko bai samu ba a wannan zagaye, zai san dalili, ya san kuma lokacin da layi zai zo kansa. Amana ba ta tabbata sai an san mai ita da adadinta da ranar mayar da ita, kuma 'yan majalisarmu suna da ikon rubuta waɗannan abubuwa uku tun kafin tirela ta gaba ta shigo Jimeta. Allah ya ba su ikon yi.